Amsar da ba wanda ya bayar: nazarin ƙimomin ko-ta-kwana a wata manhajar karɓar rahoto

Wata ƙungiya mai sassa da yawa tana da ƙaramar manhajar intanet wadda ma'aikatanta ke shigar da rahoto a cikinta duk lokacin da wani kayan aiki ya samu matsala, ko kwamfuta ce ta ƙi tashi, ko na'urar buga takardu ta cije, ko layin intanet ya yanke a wani ofis. An gina manhajar da Django, tsarin gina manhajojin intanet da harshen kwamfuta na Python, wanda aka fara sakar wa jama'a a shekarar 2005, bayanan kuma suna ajiye a rumbun PostgreSQL. Fom ɗin da ake cikewa gajere ne, domin bai wuce bayanin matsala, da lokacin da ta faru, da sashen mai rahoto, da matakin gaggawa ba, sai wani ɗan akwati da mutum zai sa wa alama idan yana son a sanar da shi ta imel bayan an gama gyara. An nemi in duba manhajar ne bayan jami'ar da ke haɗa rahoton ƙarshen wata ta ci karo da abin da hankalinta ya ƙi ɗauka, wato rahotanni masu tarin yawa daga sassa daban-daban duk suna cewa matsalarsu ta faru a rana ɗaya, a sa'a ɗaya, har zuwa daƙiƙa ɗaya.

Abin da zan riƙa kira ƙimar ko-ta-kwana a wannan rubutu shi ne ƙimar da manhaja ke ajiyewa a shirye domin ta cike gurbi idan ba a ba ta komai ba. Wahalarta ita ce ba wuri ɗaya take zama ba. Ana iya rubuta ta a shafin da burauza ke nunawa, ana iya ba wa fom ita da kalmar `initial`, ana iya sa ta da kalmar `default` a samfurin bayanai, wato fayil ɗin Python da ke fayyace guraben kowane rahoto, ana kuma iya dasa ta a jikin teburin da ke cikin rumbun bayanai. Idan mutum ya buɗe shafi ya ga gurbi a cike, ba zai iya sanin daga wanne cikin wuraren nan huɗu abin ya fito ba, alhali kowannensu yana da lokacin da yake aiki da lokacin da yake yin shiru. Duk matsalolin da aka gano a manhajar nan daga wannan bambanci suka taso.

Agogon da ya tsaya

Bakin zaren matsalar farko bai yi wuyar ganowa ba. A samfurin rahoton, an rubuta gurbin lokaci da `default=timezone.now()`, da baka biyu a ƙarshensa. Waɗannan baka biyu suna nufin Python ya kira aikin nan take, a daidai lokacin da yake karanta fayil ɗin samfurin, kuma sau ɗaya yake karanta shi, wato sa'ad da manhajar ke tashi a kan uwar garke, kwamfutar da ke ɗauke da ita. Saboda haka abin da gurbin ya riƙe ba umarni ba ne na duba agogo a kowane sabon rahoto, lokaci ne guda tsayayye, lokacin da aka kunna manhajar. Da an rubuta `default=timezone.now` ba tare da baka ba, da Django ya ajiye aikin kansa ya riƙa kiransa duk sanda ake buƙatar sabuwar ƙima.

Abin tambaya shi ne yadda kuskure irin wannan ya daɗe ba a gan shi ba. A kwamfutar mai rubuta manhajar, ƙaramar uwar garken gwaji ta Django tana sake tashi duk sanda aka adana wani gyara a fayil, don haka lokacin da yake gani a fom bai taɓa yin nisa da gaskiya ba. A watannin farko na aiki kuma ana yawan ɗora sababbin gyare-gyare, kowace ɗorawa tana sake kunna manhajar, sai agogon ya yi tsalle ya dawo daidai na ɗan lokaci. Sai da aka gama ginin aka bar manhajar ta yi makonni tana aiki ba a taɓa ta ba, sannan tazarar ta yi faɗin da ido zai kama. Django kansa bai yi shiru ba, domin binciken da yake yi wa samfura yana fitar da gargaɗi mai lamba `fields.W161` idan ya ga an ba gurbin lokaci ƙima tsayayya da ta yi kama da yanzu, kuma umarnin `makemigrations`, mai shirya fayilolin sauya fasalin tebur idan samfuri ya canza, ya riƙa ƙirƙiro sabon fayil na sauyi kan wannan gurbi duk sanda aka kira shi, tunda a wurinsa ƙimar ta canza. Na tarar da jerin irin waɗannan fayiloli a ma'ajiyar manhajar, kowanne ɗauke da ranar da aka yi shi, ba wanda ya tsaya ya tambayi dalilin yawansu.

Amma abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne gurbin nan a fili yake a kan fom, ba a ɓoye ba. Duk ma'aikacin da ya buɗe shafin yana ganin ranar da ta wuce da kwanaki rubuce a gabansa, kuma yana da ikon gyara ta. Wasu sun gyara, amma mafi yawa sun wuce, kuma ban ga laifinsu ba, domin wanda na'ura ta tsaya masa a tsakiyar aiki gurbin da ke fanko yake nema ya cike, wanda ya tarar a cike kuwa ya ɗauka manhaja ta san abin da take yi. Har ila yau gurbin ya haɗa tambayoyi biyu da ba su zama ɗaya ba, wato yaushe matsalar ta faru, da kuma yaushe aka kawo rahotonta. Ta biyun manhaja ce ta fi kowa saninta, bai kamata ma a tambayi mutum ba. Ta farkon kuwa mutum ne kaɗai ya sani, kuma cike masa ita da lokacin yanzu, ko da agogon na tafiya daidai, zato ne kawai cewa kowa na kawo rahoto a take.

Matakin gaggawa

Da na ce a kawo mini ƙididdigar sauran guraben, sai na ga kusan dukkan rahotannin suna ɗauke da matakin gaggawa na matsakaici. Shugaban masu gyara ya daɗe da sanin haka, har ya daina duba wannan gurbi gaba ɗaya, ya koma karanta bayanin kowane rahoto da kansa domin ya san wanda zai fara turawa a gyara. A ganinsa ma'aikata ne ba su damu ba. Binciken ya nuna lamarin ba haka yake ba, kuma a nan ne na fi daɗewa, domin babu wani kuskuren rubutu da za a nuna da yatsa, komai yana aiki kamar yadda aka tsara shi.

Tarihin manhajar ya nuna cewa da farko babu gurbin gaggawa, daga baya aka ƙara shi, lokacin da teburin ya riga ya tara rahotanni. Tun daga Django 1.7 na shekarar 2014, tsarin yana da hanyarsa ta sauya fasalin tebura, kuma idan aka ƙara gurbin da ba a yarda ya zauna fanko ba, `makemigrations` yakan tsaya ya ce ba zai iya ci gaba ba sai an faɗa masa abin da zai zuba a tsofaffin layuka. Zaɓi biyu yake bayarwa: ko a ba shi ƙima ta amfani sau ɗaya nan take, ko a fita a je a rubuta `default` a cikin samfurin. Mai rubuta manhajar ya ɗauki na biyu, ya rubuta matsakaici, umarnin ya wuce lafiya. Niyyarsa ita ce ya sallami tsofaffin layuka, amma bai lura ba cewa ya yanke hukunci a kan dukkan rahotannin da za su zo nan gaba.

Yadda abin ya bi ya kai ga fom shi ne kamar haka. Idan aka gina fom daga samfuri ta hanyar `ModelForm`, gurbin da ke da jerin zaɓi yakan fito da layin farko fanko, ɗan jerin karan-ɗori kawai, kuma shi ne ake tarar da shi a zaɓe, ta yadda idan gurbin dole ne, mutum ba zai iya aika fom ba sai ya buɗe jerin ya zaɓi wani abu da hannunsa. Amma idan gurbin dole ne kuma yana da `default` a samfuri, Django yakan cire wannan layi na fanko gaba ɗaya, ya sa ƙimar ko-ta-kwana a matsayin wadda aka riga aka zaɓa. Wannan a rubuce yake a bayanan Django, ba ɓoyayyen hali ba ne. Sakamakonsa dai shi ne gurbin da ake kira na dole ya zama wanda ba ya tilasta wa kowa komai, domin tun kafin mutum ya kai hannu an riga an amsa masa, tantancewar fom kuma ba ta da abin da za ta ƙi.

Asarar da aka yi a nan ta fi ta agogo muni. Kalmar matsakaici da ke cikin rumbun tana iya nufin abu uku mabambanta: ko mai rahoton ya duba ya ga lallai matsalarsa matsakaiciya ce, ko ya wuce gurbin bai kalle shi ba, ko kuma rahoton ya girmi gurbin ma, sauyin tebur ne ya buga masa wannan hatimi. Kashi na uku ana iya ware shi ta lambar rahoto, tunda an san inda aka tsaya ranar da aka yi sauyin. Na farko da na biyu kuwa sun gauraya har abada, domin abin da burauza ta aika a duka biyun iri ɗaya ne, babu wata alama da ta rage. A ra'ayina wannan ne ma'aunin da ya kamata a riƙa ɗora kowace ƙimar ko-ta-kwana a kansa kafin a rubuta ta: idan wata rana za a buƙaci sanin ko mutum ne ya faɗa ko manhaja ce ta faɗa a madadinsa, to gurbin bai dace da ita ba. Matsayin rahoto, misali, wanda a kowane sabon rahoto ke farawa da "sabo" kafin ya koma "ana kan aiki" ko "an gama", ya dace da ita ƙwarai, domin ba ra'ayin kowa ba ne, gaskiyar halin da rahoton ke ciki ce. Matakin gaggawa kuwa hukunci ne da ake nema daga mutum.

Akwatin da ya ɓace daga shafi

Matsala ta uku ba a cikin ƙididdiga aka gan ta ba, daga ƙorafi ta fito, domin wasu ma'aikata sun ce ba su taɓa samun imel ɗin gama gyara ba. Aka duba sai aka ga dukkansu ta waya suke shigar da rahoto. An yi wa masu waya taƙaitaccen shafi, aka cire akwatin sanarwa daga cikinsa domin a rage tsawo, bisa tunanin cewa tunda samfurin ya ce `default=True`, duk wanda bai ga akwatin ba za a sanar da shi. Ga yawancin gurabe wannan tunani daidai ne, domin `ModelForm` yakan bar ƙimar samfuri ta tsaya idan sunan gurbin da ba dole ba bai zo cikin abin da aka aiko ba. Akwatin alama ne ya fita daban, kuma dalilin daga HTML yake, harshen da ake rubuta shafukan intanet da shi: burauza ba ta aika komai game da akwatin da ba a sa wa alama ba, ko sunansa ba ta ambata. Don haka uwar garke ba ta da hanyar bambanta akwatin da mutum ya cire wa alama da akwatin da ba a nuna masa ba, Django kuma ya zaɓi ya fassara shirun a matsayin a'a, wanda shi ne daidai ga fom ɗin da ke nuna akwatin. An cire gurbin daga shafi, amma ba a cire shi daga jerin guraben fom ba, saboda haka duk rahoton waya ya shiga da a'a. Gyaran bai wuce yin fom na biyu da ba ya ambaton gurbin ba, sai ƙimar samfurin ta samu damar aiki.

Tunda magana ta zo kan akwatin da aka riga aka sa wa alama, ya kamata a ambaci cewa a wasu wurare lamarin ya wuce na fasaha ya shiga na shari'a. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki a ranar 25 ga Mayu 2018, ba ta ɗaukar shiru ko akwatin da aka riga aka cike a matsayin amincewa, kuma a ranar 1 ga Oktoba 2019 kotun Tarayyar ta yanke hukunci a shari'ar Planet49 cewa irin wannan akwati ba ya zama izini ingantacce na ajiye bayanai a na'urar mai ziyara. Akwatin manhajar da muke magana a kanta sanarwar aiki ce kawai, don haka aka bar shi da alamarsa, amma dalilin hukuncin shi ne dai dalilin da ya lalata gurbin gaggawa, wato amsar da aka riga aka cike ba ta nuna abin da mutum ya zaɓa.

Ƙofar da ba ta bi ta samfuri ba

Ana cikin wannan bincike ne aka tuna da wani ƙaramin shiri da ke sa ido kan na'urorin sadarwa, wanda aka so ya riƙa buɗe rahoto da kansa idan wata na'ura ta daina amsawa. An rubuta shi ya riƙa zuba layi kai tsaye cikin tebur da SQL, harshen da ake ba wa rumbun bayanai umarni da shi, aka gwada, PostgreSQL ya ƙi karɓa yana cewa gurbin matsayi ba zai zauna fanko ba, sai aka jingine aikin ba a gane dalili ba, tunda ga `default` nan a samfuri kowa na gani. Dalilin shi ne wannan ƙima a ɓangaren Python kaɗai take rayuwa. Ko a lokacin ƙara sabon gurbi, Django yakan sa ta a tebur na ɗan lokaci domin cike tsofaffin layuka, sannan ya janye ta. Duk abin da ya shiga rumbun ba ta hanyar samfurin ba, ba zai same ta ba. Ba kowane tsari ke yin haka ba: Rails, wani tsarin gina manhajojin intanet irin Django, yana karanto ƙimomin daga jikin tebur, SQLAlchemy kuma, wani kayan aikin Python na mu'amala da rumbun bayanai, ya raba su gida biyu da sunaye daban, `default` da `server_default`. Django bai samu takwarar ta biyun ba sai a sigar 5.0 da ta fito a Disamba 2023, wadda ta kawo `db_default`, kuma samfurin nan ya girmi wannan siga.

Abin da aka yi

An raba gurbin lokaci biyu. Lokacin da matsala ta faru ya zama gurbin dole da ke fitowa fanko. Lokacin shigar da rahoto ya zama gurbin da ba ya fitowa a fom, rumbun bayanai ne ke cike shi da agogonsa ta hanyar `db_default`, domin shirin sa ido ma ya samu. A nan saura kaɗan a maimaita tsohon kuskure, domin da an ƙara gurbin tare da ƙimarsa a mataki ɗaya, da dukkan tsofaffin rahotanni sun samu lokacin da aka yi sauyin a matsayin lokacin shigarsu. Sai aka yi shi a mataki biyu, aka fara ƙara gurbin a fanko, sannan aka ɗora masa ƙimar da za ta shafi sababbi kaɗai. Tsofaffin rahotannin da ke ɗauke da tsayayyen lokaci an gane su ne ta yadda suka yi daidai da juna har daƙiƙa, waɗanda kundin uwar garke ke da sawunsu aka samo musu ainihin lokacin shigarwa, sauran aka mayar da su fanko maimakon a ƙirƙira musu rana.

Sashen mai rahoto kuwa ba abu ne da samfuri zai iya sani ba, tunda samfuri ba ya ganin wanda ya shiga manhaja. An koma ba wa fom shi ta `initial` a lokacin buɗe shafi, daga bayanan ma'aikacin, aka bar masa damar canzawa idan yana kawo rahoto ne a madadin wani sashe. Na ja hankalin mai rubuta manhajar kan cewa `initial` nuni ne kawai, ba madogara ba ne, wato idan mutum ya share abin da ke ciki ya aika, fom zai ɗauke shi fanko ya ƙi karɓa, ba zai koma ga ƙimar farko ba, kuma a wannan gurbi hakan ake so.

Gurbin gaggawa an cire masa `default`, an yarda ya zauna fanko a rumbu amma ba a fom ba, ta yadda mutum dole ya zaɓa, rahoton da na'ura ta buɗe kuma ya shiga a matsayin wanda ba a tantance ba har sai wani ya duba shi. Rahotannin da suka girmi gurbin an share musu hatimin matsakaici, na tsakanin kuma an bar su yadda suke, jami'ar ƙididdiga tana sa musu bayani a ƙasan jadawali cewa ba a dogara da wannan gurbi kafin ranar gyaran.

Shugaban masu gyara bai goyi bayan cire ƙimar ba tun farko, hujjarsa kuwa ita ce idan aka tilasta wa mutane zaɓa, kowa zai ce tasa ce ta gaggawa. Makonnin farko sun nuna yana da gaskiya a wani ɓangare, domin rahotannin gaggawa sun ƙaru fiye da yadda masu gyara ke ganin ya dace. Ya nemi a mayar da matsakaici kamar da, na ƙi ba da wannan shawara, domin yanzu aƙalla an san cewa duk abin da ke gurbin wani ne ya zaɓe shi, kuma ana iya komawa wurinsa a tambaye shi dalili. Matsayar da aka cimma ita ce a sauya kalmomin zaɓin daga siffofi zuwa bayanin hali, wato aiki ya tsaya cak, ko ana aiki amma da wahala, ko ana iya jira, sannan a ba masu gyara nasu gurbin daban da za su rubuta matakin da suka ga ya dace bayan sun karanta rahoton. Wannan gurbi na biyu ma fanko yake farawa, kuma an shirya za a kwatanta shi da na ma'aikata bayan ya tara bayanan wata uku.